Lacca Ga Hakimai Da Malamansu A Kan Neman Ilmin Shugabancin Aikin Jiyya Daga Gida



Maganar da aka umurce ni in kawo muku yau magana ce a kan mutanen da ke riƙe da ragamar ma'aikatan jiyya a asibitocinmu, watau shugabannin nas-nas da ungozomomi, da kuma wata hanya da ta samu a wannan zamani, wadda mutum zai iya neman digiri na biyu na ilmin shugabancin wannan aiki yana zaune a garinsu, ta intanet, ba sai ya ajiye aikinsa ya tafi wata ƙasa ba. Mai yiwuwa ne wani daga cikinku ya ce a ransa, ina ruwan hakimi da digirin nas? To, da ruwansa ƙwarai. Tun shekarar 2009, sa'ad da aka kafa kwamitin sarakunan Arewa na kula da lafiyar jama'a a ƙarƙashin jagorancin Mai Alfarma Sarkin Musulmi, sha'anin asibiti ya zama yana cikin aikinku na yau da kullum. Ku kuka bi gida gida da dagatai da masu unguwanni har aka kai ga ranar da aka ba da shaida, a watan Agusta na 2020, cewa ƙwayar shan inna ta asali ta ƙare a Afirka. Har wa yau kuma, in asibitin gari ya lalace, ƙofar gidanku talakawa ke zuwa da kuka, ba su san hanyar Ma'aikatar Lafiya ba.

Bari mu fara da sanin ko mene ne wannan aiki. Kowa ya san nas mai yin allura da wanke miki da ɗaura ƙarin ruwa. Amma a bayanta akwai wata, wadda a da a ke kira metiron, yanzu kuma a kan ce shugabar nas-nas ko daraktar aikin jiyya. Na ce wata, ko da ya ke a nan Arewa maza da yawa suna wannan aiki, kuma duk abin da zan faɗa ya shafe su. Ita wannan shugaba ba lalle ne ka gan ta da sirinji a hannu ba. Ita ke rubuta takardar rabon aiki, wadda su ke kira rosta, ta san wa zai kwana, wa zai yini, wa zai tafi hutu. Ita ke duba sito, ta san abin da ya rage na safar hannu da bandeji da magani. Ita ke karɓar ƙarar majiyyaci in an wulakanta shi, ta horar da wanda ya yi laifi, ta koya wa sabon zuwa, ta rubuta rahoton wata, sa'an nan ta tsaya gaban likita da ma'aji ta nemi abin da ɗakunanta ke bukata. Kun ga ke nan aikinta da naku 'yan uwan juna ne: riƙon jama'a, riƙon dukiya, da riƙon littafi.

Dattawan cikinku sun san Kongo a Zariya. A shekarar 1947 aka buɗe ta don koyar da aikin akawu, a 1954 ta zama makarantar koyon sha'anin mulki, inda aka riƙa aika ma'aikatan En'e su koyi tsarin baitulmali da shari'a da riƙon ƙasa, kafin a haɗa ta da Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Dalilin kafa ta shi ne an gane cewa hankali da gado, duk da girmansu, ba su ishi mutum ya rubuta kasafin kuɗi ba, sai an koya masa. Haka nan ne a asibiti. Sau da yawa a kan ɗauki nas wadda ta fi kowa iya aikin hannu, ko wadda ta fi kowa daɗewa, a ce daga yau ke ce shugaba, alhali ba wanda ya taɓa zaunar da ita ya nuna mata yadda a ke wannan. Sai a yi hasarar gwanar jiyya, ba a kuwa sami shugaba ba.

Ga misali ƙarami don ku ga cewa lissafi ne. A ce akwai ɗakin majiyyata da ke bukatar nas biyu ko wane lokaci, kuma an raba yini kashi uku, safe da yamma da dare. Biyu sau uku shida ke nan a rana, sau bakwai 42 a mako. In ko wace nas tana fitowa sau biyar a mako, to, mutum takwas ba za su isa ba, sai tara, tun ma ba a sa lissafin mai hutun shekara da mai hutun haihuwa da wadda ba ta da lafiya ba. Wanda bai san wannan ba ya kan ga nas shida a ɗaki guda ya ce ai sun yi yawa, a kwashe biyu a kai wani gari. Haka kuma sito. In ana ƙarar da ledar ƙarin ruwa 20 a mako, kuma in an aika neman wata sai ta yi mako uku kafin ta iso, to, ranar da saura 60 a sito ran nan ya kamata takarda ta riga ta tafi, har da ɗan abin da za a ajiye sabo da damina da amai da gudawa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya jira sai kwali ya ƙare, shi ne za ka ga an rubuta wa talaka takarda da tsakar dare an ce ya tafi kasuwa ya nemo.

Tun asalin wannan sana'a haka abin ya ke. Florence Nightingale, Baturiyar Ingila wadda a ke ɗauka uwar aikin jiyya na zamani, ta isa asibitin soja na Sikutari, daura da Santambul, a watan Nuwamba na 1854 da mata 38, lokacin yaƙin Kirimiya. Mutane sun fi tuna ta da fitilar da ta ke zagawa da ita da dare. Amma yawancin aikinta shi ne gyara wurin wanki da madafa, da ƙwato riguna da barguna daga hannun masu sito, da rubuta adadin waɗanda suka mutu da abin da ya kashe su. Da wannan lissafi ta nuna wa Gwamnatin Ingila cewa cututtukan ƙazanta sun fi harsashi kashe soja nesa ba kusa ba. A 1860 ta buɗe makarantar nas-nas a asibitin St Thomas da ke Landan.

A zamaninmu kuma an auna abin da ma'auni. A shekarar 2002 wata shehiyar malama a Amurka, Linda Aiken, da abokan aikinta suka duba asibitoci 168 a jihar Fensilbaniya. Suka tarar cewa duk sa'ad da aka ƙara wa nas guda majiyyaci ɗaya a kan waɗanda ta ke kula da su, haɗarin mutuwar wanda aka yi wa fiɗa cikin kwana 30 ya kan ƙaru da kashi 7 cikin 100. A 2014 aka sake irin wannan bincike a asibitoci 300 na ƙasashen Turai tara, aka sami daidai da haka, har ma aka ga cewa inda nas-nas masu digiri suka fi yawa mutuwa ta fi sauƙi. Asibitocinsu dabam ne da namu, kada a ɗauki adadin nan a ce shi ne na gundumarmu. Amma darasin ɗaya ne: takardar rosta da a ke mannawa a bango, wadda ba wanda ya kula da ita, tana da hannu a kan wanda zai koma gida da ƙafarsa.

A ƙasarmu an daɗe da sanin wannan. Kofoworola Pratt, wadda ta yi karatu a waccan makaranta ta St Thomas, ta zama metiron ta asibitin koyarwa na Badun a 1964, a 1965 kuma ta zama 'yar ƙasa ta farko da ta shugabanci nas-nas na Nijeriya duka. A wannan shekara ta 1965 ne Jami'ar Badun ta buɗe sashen digirin jiyya, na farko a ƙasar, kuma nufinsa tun farko shi ne samar da malaman makarantun jiyya da shugabannin asibiti. Sai dai duk wannan ilmi yana da sharaɗi guda mai nauyi, watau sai mutum ya tashi ya tafi. A babban asibiti mai nas ɗari, in ɗaya ta tafi shekara biyu ba a ji ba. Amma ku kun san asibitin da ungozomarsa ɗaya ce tak, wadda in ta tafi biki kwana uku sai an rufe ɗakin haihuwa. Irin wannan mata, in an ba ta izinin karatu mata sun shiga uku, in an hana ta kuma ta tsufa a kan abin da ta sani tun tana budurwa. Banda haka ga miji da 'ya'ya. Wannan ƙulli ne karatu daga gida ya zo ya sassauta.

Shi karatu daga nesa ba baƙo ba ne. Jami'ar Landan ta fara ba da digiri ga waɗanda ba su zauna cikinta ba tun 1858, kuma akawuna da malaman makaranta da yawa na zamanin Turawa ta gidan waya suka yi karatu, a aiko musu da darasi cikin ambulan, su amsa su mayar, su jira wata guda ko fi kafin gyara ya dawo. Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976, da wannan hanya ta ɗaga darajar dubban malaman firamare. An kafa jami'ar karatu daga gida ta ƙasa a 1983, aka dakatar da ita a 1984, aka farfaɗo da ita a 2002, ita ce a ke kira NOUN, tana da cibiyoyi a jihohi inda a ke zuwa a rubuta jarrabawa. Jami'ar Ahmadu Bello ita ma tana da tata cibiyar karatu daga nesa. Duka biyun suna ba da digirin farko na jiyya ta wannan hanya, ga waɗanda suka riga suka zama nas masu rajista. Abin da intanet ta canja shi ne ambulan ɗin nan da ke wata guda a hanya yanzu ƙiftawar ido ya ke yi.

Shi digiri na biyu na shugabancin jiyya ta intanet, a Amurka ya fi yawa, can ne jami'o'i da dama ke yinsa, don haka bari in bayyana yadda su ke tafiyar da shi. Suna auna karatu da wani ma'auni da su ke kira kiredit, kuma wannan digiri ya kan kama kimanin 30 zuwa 40, abin da mai aiki zai gama cikin shekara biyu ko kusa da haka. Ɗalibi ya kan buɗe kwamfuta ya tarar malami ya ɗauki laccarsa ya ajiye, ga littattafan da za a karanta a wannan mako, ga tambayar da za a yi muhawara a kanta da sauran ɗalibai a rubuce, ga ranar da za a miƙa aiki. Darussan su ne kasafin kuɗi da tsimi, ɗaukar ma'aikata da riƙe su da sasanta su, dokokin aiki da haƙƙin majiyyaci, hanyoyin gano kuskure da toshe ƙofarsa kafin ya kashe wani, ajiye bayanan asibiti a kwamfuta, da yadda a ke karanta bincike a gane mai ƙwari da maras ƙwari. Daga ƙarshe sai ɗalibi ya yi sa'o'i masu yawa yana bin wani gogaggen shugaba a wani asibiti na zahiri, ya ga yadda a ke yi, ya kuma ɗauki wata matsala guda ta wurin ya yi aiki a kanta ya rubuta. Akwai ma jami'ar da gwamnonin jihohin yammacin ƙasar su 19 suka haɗu suka kafa a 1997, sunanta Western Governors University, musamman domin manyan mutane masu aiki da iyali waɗanda garuruwansu ke nesa da jami'a, kuma wannan fanni yana cikin abin da ta ke koyarwa.

Dalilin da ya sa wannan fanni ya karɓi karatun nesa shi ne yawancinsa aikin kai ne da takarda. Ina roƙonku ku riƙe wannan da kyau, domin nan ne a ke yaudarar mutane: ba a zama nas ta intanet. Sa hannu a jijiya, karɓar haihuwa, juya wanda ya shanye, sai a gefen gado, a makarantar da Majalisar Ma'aikatan Jiyya da Ungozoma ta Nijeriya ta yarda da ita. Wannan majalisa, wadda dokar 1979 ta kafa da haɗa majalisar nas-nas ta 1947 da hukumar ungozomomi ta 1930, ita ke ba da rajista da lasin. Tsanin kuwa hawa hawa ne, rajista tukuna, sa'an nan digirin farko, sa'an nan na biyu. Duk wanda ya ce wa yarinyar da ta fito sakandare zai ba ta satifiket ɗin nas ta waya, ɓarawo ne.

To, kada in yi muku kirarin abin in ɓoye wuyarsa. Jami'o'in Amurka da yawa ba su karɓar kowa a wannan digiri sai mai lasin ɗin nas na ƙasarsu, waɗansu ma sai mazaunin ƙasar, kuma su kan so a yi wancan aiki na bin shugaba a asibitin da su suka amince da shi. Sabo da haka tambayar farko da za a yi musu ita ce, kuna karɓar wanda ke zaune a Nijeriya, kuma zai iya gama kome daga nan? Sai lokaci. Gabashin Amurka yana bayanmu da sa'a biyar ko shida, gwargwadon lokacin shekara, watau laccar da za a yi kai tsaye da ƙarfe bakwai na yammarsu, a nan sha biyun dare ne ko ƙarfe ɗaya, ga mutumin da zai karɓi aiki da safe. Sai kuɗi, wanda ya fi duka. Da dala a ke biya. A farkon watan Yuni na 2023 dala guda tana wajen naira 460 a farashin Gwamnati, kafin ƙarshen Fabrairu na 2024 ta haura 1,500. Wanda ya fara karatu da lissafin farko ya wayi gari kuɗin makarantarsa ya ninka uku yana tsakiyar kogi. Banda wannan kuma littattafansu an rubuta su ne a kan asibitocin da kamfanonin inshora ke biya, masu wuta dare da rana, don haka ɗalibi sai ya yi ta tankaɗe yana fid da abin da zai yi amfani a nan. A ganina, ga ma'aikacin ƙaramar hukuma ko na jiha, ya fi kyau ya fara leƙa abin da jami'o'in gida ke bayarwa a fannin jiyya da kiwon lafiyar jama'a da sha'anin mulki, waɗanda a ke biya da naira, kafin ya ɗaga ido zuwa ƙetare.

Yanzu ga inda na fi son malamai su kasa kunne, domin ta hannunku takardu ke bi. Duk inda satifiket ya yi daraja, sai an sami masu sayar da na jabu. A watan Janairu na 2023 hukumomin Amurka suka bayyana cewa waɗansu makarantu uku a jihar Filorida sun sayar da takardun shaidar jiyya na ƙarya fiye da 7,600, ga mutanen da ba su zauna aji ba. A nan kusa da mu kuwa, a ƙarshen 2023 wani ɗan jarida, Umar Audu na jaridar Daily Nigerian, ya ba da labarin yadda ya sayi digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida, ba tare da ya je can ba, har ya shiga bautar ƙasa da shi. Nan da nan, a watan Janairu na 2024, Gwamnatin Tarayya ta dakatar da tantance digirorin Jamhuriyar Benin da Togo. Waɗanda abin ya fi ƙona su ne waɗanda suka sayar da gona ko shanu suka biya da zuciya ɗaya. Intanet kuwa ta sauƙaƙa wa ɗan damfara aikinsa, don ba ya bukatar ko ɗaki guda, hoton gini mai kyau ya ishe shi.

Alamunsu ba su ɓuya. Za ka ji ana alkawarin digiri cikin wata uku ko shida, ko a ce shekarun da ka yi kana aiki sun isa, ba sai ka yi jarrabawa ba. Za ka ga dillali ne ke bin ka da waya kamar mai tallar atamfa, yana cewa rangwamen zai ƙare ran Juma'a, kuma kuɗin a asusun wani mutum za a zuba, ba na makaranta ba. Araha ba ta ado. Maganin abin shi ne bincike tun ba a biya ko kwabo ba, kuma a rubuce. In jami'ar ta gida ce, Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wadda a ke kira NUC, tana da jerin jami'o'in da ta yarda da su da waɗanda ta ba izinin koyarwa daga nesa. A lura, yarda da jami'a dabam, yarda da wannan fanni a cikinta dabam, duka biyu za a tambaya. In ta Amurka ce, hukumomi biyu da aka fi sani da tantance karatun jiyya su ne CCNE da ACEN, a duba sunan makarantar a jerinsu na kansu, kada a dogara da tambarin da makarantar ta liƙa. Sa'an nan a rubuta wa Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya, mai tantance takardun ƙetare, da Majalisar Ma'aikatan Jiyya, a tambaye su ko za su karɓi wannan digiri da aka yi ta intanet. Daga nan kuma mai neman karatu ya rubuta wa hukumar da ta ɗauke shi aiki ya nemi izini, don kada ya gama a ce ba a san da zancen ba, ba za a sa shi cikin lissafin ƙarin girma ba. Malamin hakimi da ya zauna da ma'aikaciyar asibiti ya taimake ta tsara waɗannan wasiƙu, ya ajiye kwafinsu a fayil, ya yi wa gunduma aikin da ya fi na wata guda.

Me gunduma za ta samu? Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda a ke zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, kuma wani ɓangare nasa yana zuwa kai tsaye asusun ƙananan asibitocin da aka zaɓa a mazaɓu. Amma kuɗin ba ya fitowa sai da tsarin abin da za a yi da shi, ba ya kuma ci gaba da zuwa sai da rasit da rahoto, da sa hannun kwamitin raya mazaɓa, wanda mutanenku ne ke cikinsa. Asibitin da shugabarsa ta iya wannan zai gyara rijiya da rufi da firjin allurar rigakafi, wadda ba ta son zafin da ya wuce awo 8 ko sanyin da ya gaza 2. Na maƙwabta, mai irin wannan haƙƙi daidai, zai zauna yana cewa Gwamnati ta manta da shi.

Akwai wata magana da na san tana ranku, gara in faɗe ta da kaina. Ilmi fiffike ne. A watan Fabrairu na 2024 magatakardan Majalisar Ma'aikatan Jiyya ya ce nas-nas 42,000 sun bar ƙasar nan cikin shekara uku. Hakimi yana da gaskiya in ya ji tsoron cewa wadda aka taimaka ta yi digiri, gobe sai a ji ta a Ingila ko Saudiyya. Ba ni da maganin da zai hana wannan ɗungum, kuma hana mutane karatu don kada su gudu ba ya riƙe kowa sai wanda ba shi da inda za shi. Amma ku lura da abu biyu. Wadda ta yi karatu tana cikin ɗakinta, 'ya'yanta suna makarantar garin, mijinta yana kasuwarsa, saiwarta ba ta tsinke ba kamar ta wadda ta yi shekara biyu a wata ƙasa. Na biyu, in ƙaramar hukuma ko ƙungiyar gari ko wani mai hali ne zai biya kuɗin, to, a rubuta yarjejeniya tun farko gaban shaidu, cewa za ta yi wa gari aiki shekara kaza bayan ta gama, ko ta mayar da abin da aka kashe. Wannan ba rashin yarda ba ne, haka a ke yi wa masu samun sukolashif tun zamanin En'e. Kuma a zaɓi 'yar gari ko wadda ta yi aure a garin, in akwai.

Saura abin da ke hannunku ku kaɗai, wanda ba wata Ma'aikata da za ta iya. Macen da ta yini a asibiti, ta dawo ta yi tuwo, ta kwantar da yara, sa'an nan ta buɗe kwamfuta ƙarfe goma na dare, ba za ta kai shekara biyu a haka ba sai maigidanta da surukanta sun yarda da zuciya ɗaya. Wani miji in ya ga matarsa tana magana da baƙin maza ta waya da dare, ko da malamanta ne, ransa ba zai kwanta ba sai wani babba ya kira shi ya bayyana masa. Kalma guda daga bakin hakimi ko liman ta fi takardar Ma'aikata goma a nan. Haka kuma wuta. Inda ofishin hakimi ko asibiti ko makarantar gari ke da sola, a ba masu karatu ɗaki guda da tebur da wurin cajin kwamfuta, da sa'o'in da aka sani. Ranar jarrabawa kuwa, in sai an je cibiya a babban gari, a roƙi shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma tun da wuri ya turo wanda zai riƙe wurin, kada a rufe ɗakin haihuwa.

In kuma ta gama ta kawo muku satifiket don a sa albarka, ku sa, amma bayan wata shida ku aiki wakili ya leƙa asibitin ba tare da sanarwa ba, da dare ya fi. Ya duba ko sunan da ke kan rosta shi ne mutumin da ke tsaye a ɗakin. Ya nemi littafin sito ya ƙidaya kwali biyu ko uku ya gani ko sun yi daidai da abin da aka rubuta, ya kuma duba ko maganin da ranarsa ta kusa ƙarewa shi ne a gaba. Ya tambayi adadin matan da suka zo awon ciki a watan jiya da na waɗanda suka dawo suka haihu a nan, in da tazara mai yawa ya ji abin da ta ke yi a kai. Abin da wakili ya gani malami ya rubuta, a sa cikin rahoton gunduma da za a aika wa Mai Martaba, a kuma ba shugaban ƙaramar hukuma kwafi.